Sassaben zamani: iccen gonarka na wane ne?

Muna gaida malamai da ɗalibai, maza da mata, musamman na ƙasar Tasawa da ta Mayahi, domin zancenmu na yau a cikin gonakinku yake.

Ga tambaya. Gawon nan da ke tsaye tsakiyar gonarka, na wane ne? Na sha yin tambayar nan a aji. Amsar da na fi samu ita ce, inuwa ta mai gona ce, amma iccen na gwamnati ne. Wannan amsa tana da asali. To amma doka ta sake, kuma ya kamata kowa ya san yadda ta sake.

Tun zamanin Turawa, a shekarar 1935, aka kafa dokar daji. Bayan samun mulkin kai aka yi wata a 1974. Dokokin nan sun hana saran waɗansu itatuwa, irin su gawo, sai da izini. Nufinsu kare daji ne. Amma ga abin da ya faru. Manomi ya ga in ya bar icce ya girma a gonarsa, ba shi da ikon taɓa shi, in ya taɓa a ci shi tara. Sai ya riƙa sare shi tun yana ƙarami. Ga shi kuma a lokacin ana ganin gona fes, ba ko kututture, ita ce gonar manomin kirki.

Sai fari ya zo, na 1973 da na 1984. Dattijanku ba su manta da yunwar El Buhari ba. Ƙasa ta zama fili. In an yi shuka, iska ta taso da rairayi ta binne hatsi tun yana ɗan tsiro. Mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku, iri ya ƙare.

Gwamnati ba ta zauna ba. Tun 1975 ake dashen itatuwa kowace ranar 3 ga watan Agusta. A watan Mayu na 1984, zamanin shugaba Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An dasa itatuwa masu yawa, amma da yawa ba su rayu ba. Ɗan iccen da aka raina a leda saiwarsa gajera ce. In rani ya yi tsanani, ko akuya ta same shi, shi ke nan.

A 1983 wani ma'aikacin noma ɗan ƙasar Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, yana aiki a jihar Maraɗi. Ya lura da 'yan kumbun sabara da kalgo da ake sassabewa kowace shekara. Ya gane ba ciyawa ba ce. Itatuwa ne da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Waɗansu manoma dama sun san haka tun kaka da kakanni. Daga nan aikin ya bazu, maƙwabci yana koya daga maƙwabci, har aka sa masa suna sassaben zamani.

Ku saurara da kyau, nan ne ilimin yake. Kututture ya riga ya yi saiwa mai zurfi, ta kai inda laima take. Ba ya bukatar ban ruwa, ba ya bukatar kuɗi. Abin da ke hana shi zama icce shi ne tsiro ya yi masa yawa, kuma kullum ana sarewa. In tsiro ashirin suna rabon abincin saiwa ɗaya, ba wanda zai yi tsawo. In an rage su, waɗanda suka saura sai su miƙe.

Ga yadda ake yi. Lokacin sharar gona, ka zaɓi kututturen da kake so. Ka bar tsiro uku zuwa biyar, waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa. Ka sare sauran da gatari ko adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ka rage rassan ƙasa, ka bar na sama. Ka ɗaura ɗan tsumma, don mai wucewa ya san iccen nan da mai shi. Bayan 'yan watanni ka komo ka sake gyarawa. Abin da ka sare kuwa, uwargida ta samu na girki ba tare da ta yi doguwar tafiya ba.

Gawo kuma sha'aninsa dabam ne. Da damina, lokacin da hatsi ke son rana, sai ya zubar da ganye. Da rani ya yi kore shar. Dabbobi su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar taki. A saiwarsa akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Suna kamo wani sinadari daga iska, ana ce da shi azot, su mai da shi abincin shuka. Irin aikin nan ne saiwar wake da ta gujiya ke yi, kuma azot ɗin nan ne ke cikin takin zamani da kuke saye da tsada. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na gefe.

Ku mutanen Gulbin Kaba, daga Mayahi zuwa Kanambakashe har ƙasar Tasawa, kuna da naku misali. Kabar da kuke yanka don tabarma da igiya, ɗiyar goriba ce. In kullum ana yanke ta, har da zuciyar, ba za ta taɓa tashi ba. In an ware waɗansu an bar su, su ne goribar gobe.

Masana sun gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da waɗanda tauraron ɗan Adam ya ɗauka bayan shekara ta 2000. Suka iske wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar, kimanin itatuwa miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba a leda aka raine su ba. Hannun manoma ne.

Doka ma ta biyo sawun manomi. A 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta amince da haƙƙin mutum a kan gonarsa. A 2004 aka yi sabuwar dokar daji. Ranar 30 ga watan Yuli na 2020 gwamnati ta fito da doka ta musamman kan sassaben zamani, ta tabbatar wa manomi haƙƙin cin moriyar iccen da ya raina a gonarsa. Amma a kula. Wannan ba izini ba ne na shiga gonar wani, ko dajin hukuma. Kuma kafin ka kā da babban icce, ka fara tuntuɓar ma'aikacin daji na gundumarku.

Saura matsala ɗaya, ɓarawon dare. Ka yi shekara huɗu kana rainon icce, wani ya sare cikin dare ɗaya. Mutanen Ɗan Saga, a gundumar Agye, sun kafa kwamitin tsaro, da manoma da makiyaya da mata a ciki. Abin da mutum ɗaya ba ya iya tsarewa, gari yana iyawa.

Wanda ke da ɗa ko ƙane mai shirin jarrabawar shiga aikin gwamnati, ya ba shi takardar nan. Mai neman aikin gona ko na daji bai kamata shekarun nan su shige masa duhu ba: 1974, 1984, 1993, 2004, 2020.

Ku kuma ga aikinku na wannan mako. Kowa ya zagaya gonarsa ya ƙidaya kututture masu rai. Ya rubuta sunan kowane icce da adadinsa a littafinsa: sabara nawa, kalgo nawa, gawo nawa. Ku kawo aji a karanta, a haɗa lissafin gari duka a allo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka.