Karayar wuya a Adar: abin da ƙarfen tiyata ke iya yi da abin da ba ya iyawa

A cikin garin Tawa da kan hanyar Tabalak zuwa Abalak, haɗarin babur da mota ba baƙon abu ba ne. Idan hannu ko ƙafa ta karye, mutane da dama wajen mai ɗori suke fara zuwa. Karayar wuya kuwa daban take, domin ƙasusuwa 7 da ke wuya su ne ke kare laka, wadda ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu.

Idan ƙashin wuya ya karye ko ya goce, likitocin laka kan tsaga ta gaban wuya, su cire guringuntsin da ya lalace tsakanin ƙasusuwa biyu. Sai su cike gurbin da guntun ƙashi daga ƙugun majinyacin, ko da wani ɗan zobe na roba mai tauri, sannan su ɗaure wurin da fallen ƙarfen titaniyom da kusoshi. A shekarar 1958 ne likitocin Amurka, Smith da Robinson da kuma Cloward, suka wallafa bayanin wannan hanya, ƙarfen ya biyo baya.

Aikin ƙarfen shi ne riƙe ƙasusuwan kada su motsa har su haɗe, abin da kan ɗauki wata 3 zuwa 6 ko fiye. Shan taba na jinkirta haɗewar. Amma ƙarfe ba ya gyara lakar da ta riga ta tsinke.

Tiyatar na buƙatar hoton sikana da ƙwararren likita, shi ya sa ake tura majinyata da yawa zuwa manyan asibitocin Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500. Sau da yawa 'yan ci-rani da ke Abijan ko Libiya ake kira su turo kuɗin mota da na aiki.

Kafin kuɗin su iso, yadda aka ɗauki mutum a wurin haɗari na iya raba shi da tafiya har abada. Duk wanda ke kukan ciwon wuya, ko ya daina jin hannuwansa ko ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a ja kansa, kada a goya shi a babur. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a kwantar da shi a kan katako, a kai shi asibiti mafi kusa.