Tashar lantarki mai aiki da gas: Daga ina Kano za ta samu makamashi?

A Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari, waɗanda duka suke cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, kuɗin man janareta ya zama wani kaso na jarin ɗan kasuwa, musamman tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Shi ya sa duk lokacin da aka ambaci gina tashar lantarki mai aiki da iskar gas a Kano, tela da mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara kan kasa kunne. Sai dai kafin a aza tubalin irin wannan tasha, akwai tambayar da ta riga kowace: daga ina gas ɗin zai zo?

Yadda tashar take aiki

Ana zuƙo iska a matse ta, a haɗa ta da gas a cinna wuta. Zazzafan hucin da ya fito shi ke juya farfelar wani ƙaton inji, injin kuma ya juya janareta. A tashoshin zamani ba a barin sauran zafin ya tafi a banza. Ana tafasa ruwa da shi, tururin ya juya inji na biyu. Da wannan dabara ana mayar da fiye da rabin ƙarfin gas zuwa lantarki, maimakon kimanin kashi ɗaya bisa uku da inji guda ke bayarwa.

Sharaɗin shi ne gas ya riƙa kwarara dare da rana. Mafi yawan wutar da Najeriya ke samarwa daga gas take, amma rijiyoyin suna yankin Neja Delta, tashoshin ma galibinsu suna Kudu. Kano tana can ƙarshen layi, wutarta na biyowa ta Kaduna zuwa babbar tashar Kumbotso. An ga illar haka a watan Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da lalacewar layin Ugwuaji zuwa Apir suka jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na tsawon kwanaki.

Gas ɗin da ke cikin kwal

Akwai wata hanyar samun gas da ba ta dogara da rijiyar mai ba. Kwal da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa yana riƙe da iskar mitan, wadda ita ce asalin gas ɗin da tashoshi ke ƙonawa. Iskar tana manne a jikin kwal ɗin, nauyin ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ya danne ta. A da, mahaƙa sun san ta ne a matsayin abin tsoro, domin ita ke haddasa fashewa a cikin rami. Yanzu ana haƙa rijiya har zuwa shimfiɗar kwal, a zuƙe ruwan, matsin ya ragu, iskar ta saki ta hau sama, ba tare da an tono kwal ɗin ba.

Jihar Kwinslan ta ƙasar Ostireliya ta yi fice a wannan fanni. A can ne tashar Darling Downs mai ƙarfin megawat 630 ta fara aiki a shekarar 2010 da gas ɗin kwal. Amma abin yana da nasa nauyin. Kowace rijiya kaɗan take bayarwa, don haka sai an haƙa ɗaruruwa ko dubbai a tsakiyar gonaki. Ruwan da ake zuƙowa kuma yakan zo da gishiri, sai an tace shi kafin ya amfani shuka ko dabba. Manoman yankin sun daɗe suna jayayya da kamfanoni a kan ƙasa da ruwan rijiyoyinsu.

Najeriya tana da kwal. An gano shi a yankin Inugu a shekarar 1909, akwai shi kuma a Okaba ta Jihar Kogi, da Owukpa ta Binuwai, da Maiganga ta Gombe. A Jamhuriyar Nijar, kamfanin SONICHAR yana haƙar kwal a kusa da Cirozerin ta Jihar Agadas, yana ƙona shi don samar da lantarki. Duk da haka ba a fitar da gas ɗin kwal don kasuwanci a Najeriya, kuma duk waɗannan wurare suna da nisa da Kano. Ko an samu gas ɗin, sai an shimfiɗa masa bututu. Ƙasar da ke da ajiyar gas sama da kubik ƙafa tiriliyan 200 a Kudu, matsalarta ta jigila ce.

Bututun Ajakuta zuwa Kano

A nan ne bututun AKK ya shigo. Tsawonsa kilomita 614 ne, daga Ajakuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a ranar 30 ga Yunin 2020, kuma tsarinsa ya haɗa da tashoshi uku: megawat 1,350 a Abuja, 900 a Kaduna, 1,350 a Kano. Idan aka tuna cewa wutar da ake rabawa ƙasar baki ɗaya takan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, za a gane girman rabon Kano. An sha ɗaga ranar kammala aikin, kodayake a 2025 kamfanin NNPC ya sanar da cewa bututun ya ratsa ƙarƙashin Kogin Kwara, wanda yana cikin sassa mafi wuya.

Maiduguri ta nuna abin da ke faruwa idan babu bututu. Tasharta mai megawat 50, wadda aka buɗe a 2023 bayan 'yan ta'adda sun karya turakun wutar birnin, da tankoki ake kai mata gas daga Kudu. Hakan ya fitar da gari daga duhu, amma tasha mai megawat 1,350 ta fi ƙarfin tankoki.

Abin da ya rage bayan gas ya iso

Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Isowar bututu mataki ne na farko. Sai an gina tashar, abin da kan ɗauki shekaru, sai kuma layuka da taransfomomin kamfanin KEDCO sun iya ɗaukar wutar zuwa unguwanni. Na ƙarshe shi ne biyan kuɗi. Mai gas yana jiran mai tasha, mai tasha yana jiran mai rarrabawa, shi kuma yana jiran mai shago da ma'aikatar gwamnati. Tarin bashi a wannan sarƙa ne ya sa wasu tashoshin Kudu ke zaune da injuna a kashe.

Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Don haka ƙungiyoyin 'yan kasuwar Fagge suna da hurumin tambayar gwamnati tun yanzu: wa zai gina tashar, wane kaso na wutarta zai tsaya a Kano, nawa za a sayar da ita, kuma yaushe kowane shago zai samu mita?