Sautin Faɗawar Abu Cikin Ruwa: Matashiya Kan Darasin Sauti

A nahawun Hausa muna da kalmomin amsa-kama masu kwatanta faɗawar abu cikin ruwa. Mukan ce ƙaton dutse ya faɗa rijiya funjum, ko kuwa tsundum, amma ruwan da ke zuba daga indararo bayan an ɗauke ruwan sama mukan ce yana ɗiga ɗis-ɗis. Yaro ɗan aji huɗu ba ya haɗa waɗannan kalmomi, kunnensa ya riga ya rarrabe su. Abin da ya rage ga malami shi ne ya nuna masa dalilin bambancin, kuma a nan ne muka ga ana yawan yin kuskure, domin amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce dutsen ne ya bugi ruwa ya yi ƙara. Wannan rabin bayani ne, kuma ƙaramin rabin.

Sauti karkarwa ce da ke ratsa iska ko ruwa ko wani abu mai tauri har ta isa dodon kunne. Yana da siffofi biyu da bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai ƙarfinsa, wanda ya dogara ga girman karkarwar. Akwai kuma kaifi ko kaurinsa, wanda ya dogara ga yawan karkarwar a cikin sakan ɗaya. Kunnen matashi mai lafiya yakan ji daga kimanin karkarwa 20 zuwa 20,000 a sakan. Kalmar ƙara ba ta rarrabe siffofin nan ba, saboda haka muke ba da shawarar a riƙa cewa sauti mai ƙarfi ko marar ƙarfi a gefe guda, da siririn sauti ko mai kauri a ɗaya gefen, kamar yadda ake siffanta muryar mutum. Kalangu ya isa misali: matse tsarkiya yana siranta sautin, ƙarfin bugu kuwa wani abu ne dabam.

Idan dutse ya faɗa ruwa, abubuwa uku ne ke faruwa a jere cikin ƙiftawar ido. Da farko yakan mari fuskar ruwan, ya ba da wani gajeren sauti. Daga nan sai ya nutse yana jan iska a bayansa, ya bar rami a cikin ruwan. Ruwan da ke kewaye sai ya rufto ya tsuke wuyan ramin, ya ƙulle iskar a ciki, yayin da wani tsirin ruwa yake tsartuwa sama. Arthur Worthington na Ingila ya ɗauki hotunan waɗannan matakai da hasken tartsatsin lantarki, ya buga su a littafi a 1908.

Ita wannan iska da aka ƙulle ita ce mai muryar. Ruwa yana matse ta, ita kuma tana turo shi, ta kumbura ta motse, ta sake kumbura, sau ɗaruruwa ko dubbai a sakan. A 1933 Marcel Minnaert, masanin da ya yi aiki a Utrecht ta ƙasar Holan, ya fitar da lissafin abin: gwargwadon girman ƙullin iskar, gwargwadon raguwar saurin karkarwarsa. Ƙullin da faɗinsa ya kai milimita 6 yakan yi karkarwa kimanin sau 1,100 a sakan, mai faɗin santimita 6 kuwa kimanin sau 110 kacal. Ke nan tsakuwa tana ƙulle ƴar iska, ta ba da siririn sauti. Ƙaton dutse yana ƙulle mai yawa, ya ba da mai kauri. A ganinmu ba banza ba wasalin u da baƙin m suka taru a funjum da tsundum, wasalin i kuma ya zauna a ɗis, ko da yake ba za mu mayar da wannan doka ba, domin amsa-kama ba ta cika bin ƙa'ida ɗaya ba.

A 2018 masu bincike a Jami'ar Kambirij sun yi nazarin ɗigon famfo da kyamara mai saurin ɗauka, suka tabbatar cewa ɗan ƙullin iskar ne ke girgiza fuskar ruwan, ita kuma ta tura iskar da ke samanta kamar fatar ganga. Sun kuma nuna cewa zuba ɗan sabulun wanke-wanke yana kashe sautin, domin yana hana ƙullin samuwa. Bokiti da kofi mai ƴar huda da sabulu sun isa a maimaita wannan a aji.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan a cikin iska, amma a ruwa ya haura ninki huɗu na haka. Tun 1826 Colladon da Sturm suka auna shi a Tafkin Janiba da ƙararrawar da aka buga a ƙarƙashin ruwa, suka sami mita 1,435.

Saurin sauti a iska ya shafi lissafin zurfin rijiya da akan ba ɗaliban ƙaramar sakandare. Abin da aka saki yana ƙara gudu da kimanin mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan, nauyinsa kuma bai sauya wannan ba muddin iska ba ta tare shi sosai ba. Idan an ji tsundum bayan sakan 2, lissafin farko zai ba da mita 19.6, amma sautin ma sai ya hauro kafin a ji shi, saboda haka zurfin gaskiya bai wuce kimanin mita 18 da rabi ba. A sakan 3 giɓin ya fi haka, mita 44 a takarda, ƙasa da 41 a zahiri. Muna ganin a bar wannan a matsayin aikin allo. Kada a kai yara bakin rijiya, balle a koya musu jefa dutse a ruwan da jama'a ke sha.