Kwanan Zaune Ba Ya Cin Jarrabawa: Darasin da Ɗaliban Katsina Suka Baro a Makarantar Allo

Daga watan Afrilu zuwa ƙarshen Yuli, ɗan ajin ƙarshe na sakandare a Katsina ba ya samun sararin shan iska. JAMB ce ke fara sallama, WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, kafin a huce gajiyarta NECO ta kunno kai. Mafi yawan wannan hidima tana faɗowa ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke kai maki 40 a ma'auni, ɗaki ya ƙi kwantuwa, wutar lantarki kuma ta zo ta tafi yadda ta ga dama. Abin da ake nema a wurin yaro sananne ne: kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da makin da zai shigar da shi Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, ko Al-Qalam, ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina.

Fargabarsa tana da dalili. A jarrabawar JAMB ta 2025, wadda kusan mutum miliyan 2 suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba a sakamakon da aka fara fitarwa. Daga baya shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa tangardar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu zama. A watan Mayun 2025 kuma aka ga hotunan yara a wasu jihohi suna rubuta takardar Turanci ta WAEC da daddare, da hasken tocila. Ɗalibin da ke Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa ya ga duk wannan a wayarsa. Wanda ya riga ya shiga jami'a ma bai tsira ba, domin bayan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, jami'o'i da dama sun matse zangon karatu, aka riƙa cusa aikin wata huɗu cikin ɗan lokaci.

Waɗannan abubuwa sun fi ƙarfin ɗalibi. Abin da ke hannunsa shi ne yadda zai zauna da littafinsa, kuma a nan ne nake ganin muna yi wa 'ya'yanmu asara mai yawa.

Idan mutum ya tsorata, jikinsa yana sakin sinadarai biyu, adiranalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, tafin hannu ya yi gumi, baki ya bushe. Kaɗan daga cikin wannan yana da amfani, shi ne ke hana ɗalibi yin sakaci. Idan ya yi yawa sai ya taɓa wani sashe na tunani da masana ke kira ma'ajiyar wucin gadi, wato inda mutum ke riƙe lambobi da matakan lissafi a daidai lokacin da yake aiki da su. Wannan ma'ajiya ƙarama ce ƙwarai. Idan tunanin "me zan gaya wa Baba idan na faɗi?" ya cika ta, babu sauran wurin da lissafin zai zauna. Shi ya sa yaro kan fito daga ɗakin jarrabawa yana rantsuwa cewa ya san amsar, kansa ne ya ɗauke. Sau da yawa gaskiya yake faɗa. A 2011 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Chicago ta Amurka, Gerardo Ramirez da Sian Beilock, suka sa ɗalibai su yi minti goma suna rubuta abin da ke damunsu gab da shiga jarrabawa. Masu yawan fargaba cikinsu sun fi takwarorinsu da ba su yi rubutun ba samun maki. Sun sauke damuwar a takarda, kai ya samu fili.

Maganin da yaranmu suka sani shi ne kwanan zaune. Sati biyu kafin jarrabawa a sayo kofi da goro, a kunna fitilar caji, a buɗe littafi tun daga shafin farko a yi ta bi da ido, ana ja wa layuka layi da biro, har a kira assalatu. Wanda ya yi haka yana jin ya yi aiki, iyayensa ma suna sa masa albarka. Amma wannan hanya tana da yaudara a cikinta. Idan ka karanta shafi sau huɗu, idonka ya saba da shi, sai ka ɗauka ka iya. Sabo da shafi daban, iya kawo abin da ke cikinsa bayan an rufe littafi daban.

An gwada wannan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani ɗan rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi. Wasu suka karanta a zama ɗaya kawai, sannan aka karɓe takardar, aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa sai labari ya juya: masu gwada kansu sun tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Kuma masu maimaitawar su ne suka fi tabbacin cewa za su tuna. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna hanyoyin karatu guda goma da ɗalibai ke bi. Biyu ne kacal suka samu babban matsayi: gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu a kan kwanaki. Sake karantawa da ja wa rubutu layi suna can ƙasa. Batun rarrabawar ma tsoho ne, tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma duk bitar da aka yi bayan an ɗan bar tazara tana rage saurinta.

Duk Bakatsinen da ya taɓa riƙe allo ya san waɗannan hanyoyi biyu, ko da bai taɓa jin sunan waɗannan Turawa ba. A tuna yadda ake yi. Ba a rubuta wa yaro izu guda a rana. 'Yan ayoyi ne daidai ƙarfinsa. Malam ya biya masa, ya koma gefe ya yi ta karantawa da murya. Ba shi ne zai ce ya iya ba. Sai ya zo gaban malam ya kawo, idan hadda ce ya kife allon ya karanta da ka, malam na saurare yana gyara masa nan take. Sai ya kawo daidai ake ba shi izinin wanke allo a ƙara masa. Bayan haka akwai tishi, komawa kan na baya a kai a kai don kada ya zube. Mahaddaci yana da tilawar da ba ya fashinta, musamman da asuba. Wanda ya yi nisa kuma yakan kai ga satu, ya rubuta Alƙur'ani da ka ba tare da duba mushafi ba, wanda shi ne gwajin kai mafi tsanani da za a iya yi. Sannan ga hutun Alhamis da Juma'a, kowane mako. Babu alaramman da zai yarda almajirinsa ya bar karatu wata uku, sannan ya ce zai haddace izu goma a dare biyu.

Wannan gari ya daɗe da sanin haka. Hasumiyar Gobarau, da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, shaida ce ta lokacin da Katsina ke karɓar masu neman ilimi daga nesa. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda har yau unguwar Masanawa ke ɗauke da sunansa. A nan kuma aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Balewa da Ahmadu Bello kafin ta koma Kaduna, daga bisani Zariya, ta zama Barewa. Su ma da allo suka fara. Abin da ke ba ni takaici shi ne, yarinyar da ke zuwa Islamiyya da yamma, tana kai hadda tana yin muraja'a ba tare da kowa ya koya mata wata dabara ba, idan ta ɗauki littafin Bayoloji sai ta ajiye duk wannan ƙwarewa, ta koma bin shafi da ido. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa ƙwaƙwalwar ɗaya ce.

Akwai iyaka, ba shakka. Ba za a haddace Fizis kalma da kalma a ce an iya ba. Abin da za a ɗauko shi ne tsarin, a sauya abin da ake kawowa. Ɗalibi ya karanta babi ɗaya, ya rufe littafi, ya ɗauki farar takarda ya rubuta duk abin da ya tuna, ko ya yi wa ƙanensa bayani da Hausa yadda jini ke zagaya jiki. Inda ya kakare, nan ne aikin gobe. Ya koma kan babin bayan kwana biyu, sannan bayan mako, sannan bayan wata. A Lissafi, kawowa ita ce warware sabuwar tambaya ba tare da leƙen misali ba. Littattafan tsoffin tambayoyin WAEC da JAMB suna nan a kasuwa, amma yawanci ana karanta tambaya da amsarta tare, kamar labari. A rufe amsar da takarda, a sa agogo, a amsa, sannan a duba. Tunda JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, wanda bai saba da ita ba ya nemi inda zai gwada hannunsa kafin ranar, kada tsoron na'ura ya haɗu da tsoron tambaya. Abu ɗaya da bai kamata a ɗauko daga tsohon tsari ba shi ne bulala. Tsoron duka yana cika wannan ƙaramar ma'ajiya daidai yadda tsoron faɗuwa ke cika ta.

Wannan hanya tana da wahala, domin tana nuna wa mutum abin da bai sani ba. Amma ita ce ke rage fargaba tun daga tushe. Babban abin da ke hana ɗalibi barci shi ne rashin sanin inda ya tsaya. Wanda ya gwada kansa sau da yawa a gida ya san babi nawa ya riƙe, nawa suka rage, kuma ranar jarrabawa ba ita ce rana ta farko da aka tambaye shi ba.

Barci kuwa wani ɓangare ne na karatun. A lokacinsa ne ƙwaƙwalwa ke bitar abin da aka koya da rana tana mayar da shi ma'ajiya mai ɗorewa. Likitocin barci sun ce matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Sinadarin da ke cikin kofi da goro da lemukan ƙara kuzari yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin bayan magariba yana nan yana aiki da tsakar dare. Ga wanda ya kai ga shan tiramadol don ya jure zama, lamarin ya wuce na karatu: ƙwayar tana jawo sabo, tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Zafi ma yana da nasa hukunci. Wani bincike da Jisung Park da abokansa suka yi kan ɗalibai kusan miliyan 10 a Amurka ya nuna cewa shekarar karatu mai zafi tana rage abin da ake koya a azuzuwan da ba su da na'urar sanyaya ɗaki. A Katsina ta watan Afrilu, hikima ita ce a kai darasi mai nauyi bayan sallar asuba, a yi ƙailula da rana, a bar bita mai sauƙi zuwa yamma, a kuma sha ruwa sosai.

Sauran aikin na iyaye ne. "Ka ga ɗan wane ya ci 280" ba ta taɓa ƙara wa kowa maki ba. Uban da bai yi boko ba yana iya riƙe littafi ya ce, "Rufe, gaya mini abin da ka karanta," kamar yadda yake sauraron haddar ɗansa. Uwa tana iya ɗauke wa 'yarta wanke-wanke da girkin dare na watanni biyu, domin 'yan mata su ne suka fi shiga jarrabawa da gajiyar aikin gida. Malamin aji kuma, ko ɗalibansa sun kai ɗari, yana iya ware minti biyar na farkon darasi ya jefa tambayoyi uku kan aikin makon jiya, ba don maki ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu, kuma ya dace iyaye su tambayi shugaban makaranta ko wane ne, kuma yaushe yake ganin yara.

Akwai damuwar da ta wuce ta jarrabawa. Idan yaro ya yi mako biyu ko fiye ba ya cin abinci, ba ya barci, ya daina shiga mutane, yana kuka ba dalili, ko ya fara cewa gara ya mutu, kada a ce lalaci ne ko shagwaɓa. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke cikin gari ko wanda ya fi kusa, a ranar da aka ji wannan magana. Ranar da sakamako ya fito ma a sa ido, domin ita ce rana mafi nauyi ga wanda bai samu yadda yake so ba. Ya kamata ya ji daga bakin iyayensa, tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa, cewa WAEC da NECO duk suna da zaman masu zaman kansu a ƙarshen shekara, kwasa-kwasai da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu, JAMB kuma ana yin ta kowace shekara.