Hawan Igiyar Teku a Kan Dutse

Mu mutanen Rimin Gado ba mu san teku ba sai a taswira. Ruwan da muka saba da shi shi ne na rijiya, da kududdufi, da rafin da ke cika da damina ya ƙafe da rani. Duk da haka akwai wani wasa na mutanen bakin teku wanda ya kamata mu san labarinsa, gama a cikinsa da abin koyo.

Wasan kuwa shi ne hawan igiyar ruwa. Mutum ya ɗauki allo mai tsawo ya shiga teku, ya jira babbar igiya, sa'an nan ya miƙe tsaye bisa allon, igiyar ta kwaso shi da gudu zuwa gaɓa. Waɗansu kuma rubda ciki suke yi bisa gajeren allo, kamar yadda masuntan Argungu ke kwanciya bisa gora. Wani Ba'amurke, Tom Morey, shi ya ƙago irin gajeren allon nan na zamani a 1971. Wasan ya daɗe a tsibiran Hawai, kuma mutumin can, Duke Kahanamoku, wanda ya ci tseren iyo na Olimfik a 1912, shi ya yaɗa shi a duniya.

To, me ke ta da igiyar? Iska ce ke haifar ta can tsakiyar teku, ta yi tafiyar ɗaruruwan mil a kwance. In ta iso inda ruwa ba zurfi sai ƙasa ta rage mata gudu, ruwan ya taru ya yi tozo, har kansa ya rinjaya ya faɗo gaba. In gindin ruwan rairayi ne mai gangarowa sannu, a hankali take karyewa, nan ne 'yan koyo ke wasa. Amma in ta ci karo da dutse ko murjani farat ɗaya, sai ta miƙe ta naɗe kamar tabarma, gwani ya bi ta cikinta ya fita. Da yake dutse ba ya gusawa, kullum a wuri ɗaya take karyewa, shi ya sa gwanaye ke son irin wurin. A wuri irin wannan, watau Teahupo'o a tsibirin Tahiti, aka yi gasar Olimfik ta 2024.

Abin da ya sa igiyar ta yi kyau kuwa shi ne hatsarinta. Ƙarƙashin tudun ruwan nan dutse na kusa, wanda ya faɗi a kansa zai sauka. A 2005 wani shahararren gwani, Malik Joyeux, ya rasa ransa a Pipeline ta Hawai. Saboda haka masu hankalinsu ba su shiga sai sun zauna a gaɓa sun daɗe suna duban ruwan, sun tambayi 'yan wurin inda dutse yake, kuma ba su shiga su kaɗai.

Mu da za mu fita koyarwa, wannan ya shafe mu. Cikin watan Agusta yaranmu za su tafi rafi, ko mun so ko mun ƙi. Sai mu nuna musu cewa inda ruwa mai gudu ya yi tozo yana kumfa, galibi dutse ne ko kututture a ƙarƙashi, kada su yi tsalle a nan, kada kuma yaro ya tafi shi kaɗai. Iya ruwa, in ji magabata, fid da kai.