Abin Da Ke Manne Da Saiwar Gyaɗa Da Wake

Ya ku manoma da dagatai da masu unguwa, tun kaka da kakanni an sani, gonar da aka shuka gyaɗa ko wake bana, in aka zuba mata dawa ko gero baɗi, takan yi kyau. Ga dalilin haka, ga kuma abin da kan hana.

In gyaɗa ta fara fure, haƙo tushe guda, ka wanke shi da ruwa. Za ka ga waɗansu 'yan ƙullutai kamar ƙwayar gero manne da saiwoyi. Kada ka zaci cuta ce. A cikinsu akwai waɗansu ƙananan halittu da ba a ganinsu sai da madubin likita. Wani masani na ƙasar Holan, Beijerinck, shi ya fara ware su a 1888. Aikinsu kamo naitirojin daga iska su ba shuka, watau abincin nan da ke gina ganye da tsaba. Wajen kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cinsa da kanta. Ladan da takan biya su kuwa shi ne sukarin da ganyenta ke yi da hasken rana.

To, wannan ciniki ba ya ƙulluwa sai da wani sinadari na ƙasa mai suna maganiziyam. Da shi ake gina koren ganye, in babu koren kuwa babu sukari. Shi ke taimakon sukarin ya sauka daga ganye zuwa saiwa. Har wa yau, halittun nan ba su iya sarrafa naitirojin sai yana nan. Saboda haka in ya yi ƙaranci, sai ƙullutai su yi kaɗan, su tsumbure, gyaɗa ta rame, gona kuma ta rasa ƙarfin da ake sa rai a baɗi.

Ga yadda za ka gane. Tsofaffin ganye na ƙasa su ke fara yin rawaya, amma jijiyoyinsu suna nan kore. Sa'an nan tsaga ƙullutu da farce. In cikinsa ja-ja ne yana aiki, in fari ne ko kore ba ya aiki. An fi samun wannan ƙaranci a jigawa, inda ruwan sama ke wanke ƙasa.

Ga abin yi:

1. Harawar da ka kwashe ta tafi da maganiziyam na gonarka. Mai da takin dabbobin da suka ci ta gonar.
2. Kada a zubar da tokar murhu. A tara ta, a barbaɗa daidai wa daida kafin shuka.
3. Kada a cika takin zamani mai fotash, gama yawansa yakan hana saiwa shan maganiziyam.
4. In ƙasa ta yi tsami, akwai irin farar ƙasa da ake kira dolomait, tana gyara tsamin, tana kuma ƙara maganiziyam. Nemi shawarar malamin gona a kan yawan da za ka sa.

Dagatai, ku tara talakawanku ku karanta musu wannan takarda, ku haƙo tushe guda ku nuna musu, gama gani ya kori ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.