Waya Mai Riƙe Caji: Ma'aunin Fasahar Zamani a Bakin Mutanen Gaya da Ajingi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ra'ayoyin da jama'ar ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi na gabashin Jihar Kano suke bayyanawa yau da kullum game da wayar hannu da manhajojinta da nishaɗin da ake samu ta cikinta. An bi ta kan sunaye da aikatau da ake amfani da su wajen yabon na'ura ko kushe ta, domin nuna cewa babban abin da mutumin karkara yake dubawa shi ne ko na'urar za ta ba shi kunya a lokacin buƙata. An kuma nuna yadda sana'ar tura finafinai a memori ta sa masu kallon wannan yanki ba sa shiga lissafin masu shirya finafinan.

Gabatarwa

Nazarin kafafen sadarwa na zamani a ƙasar Hausa ya yi nisa, sai dai mafi yawansa a birnin Kano ya tare. Littafin Brian Larkin na 2008, Signal and Noise, a kan rediyo da silima da bidiyo a Kano ya tsaya. Ɗimbin rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu kuwa sun haskaka masana'antar finafinai da waƙa da ƙagaggun labarai, wato ɓangaren masu samarwa. Wanda ba a cika jin muryarsa ba shi ne mai saye da mai kallo na karkara, alhali shi ma yana da hukuncinsa, kuma yana furta shi kullum a rumfar mai caji da teburin mai shayi da majalisar ƙofar gida.

Gaya tsohon gari ne. Ruwayar baka ta ce daga can ne maƙeran nan Abagayawa suka taso neman tama har suka sauka a gindin Dala. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Gaya ta zama masarauta, a 2024 aka rushe ta, sannan a cikin shekarar aka maido da ita a matsayin masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Yanki ne na noman gero da dawa da wake da gyaɗa, ga kiwo, ga kuma ci-rani, wanda ta hanyarsa ne wayoyi da yawa suke shigowa ƙauyuka a aljihun samarin da suka dawo daga Kano ko Abuja ko Ikko. Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a 2001, ta ɗauki shekaru kafin ta game ƙauyuka, amma ta riga tsayayyiyar wutar lantarki isa. Wannan rashin daidaito shi ne tushen kusan duk ra'ayoyin da za a tattauna a nan.

Sunan abu da hukuncin abu

Masana da 'yan jarida sun yi ƙoƙari wajen ƙirƙirar kalmomi: wayar tafi-da-gidanka, na'ura mai ƙwaƙwalwa, yanar gizo, kafafen sada zumunta. Kalmar manhaja ma, wadda aka aro daga Larabci kuma aka daɗe ana nufin tsarin karatun makaranta da ita, an faɗaɗa ta ta ɗauki ma'anar abin da ake sa wa waya don ta yi wani aiki. Waɗannan kalmomi suna kiran sunan abu ne kawai. Kalmomin kasuwa kuwa suna haɗa suna da hukunci a lokaci guda.

Rabon farko da ake yi shi ne na babbar waya da ƙaramar waya. Girman da ake nufi ya haɗa da na jiki da na daraja da na ɗawainiya, domin babbar waya kamar babban gida ce, kullum tana neman abin da za a ba ta. Ƙaramar kuwa har laƙabin barkwanci aka yi mata, a gafarce ni, wato rakani-kashi, saboda tocilar da take da ita. Laƙabin na raini ne, amma wanda ya saurari yadda ake maganarta zai ji girmamawa a ciki: tana kwanaki ba a yi mata caji ba, tana faɗuwa a gona a kaɗe ta a ci gaba, tana kama rediyo, kuma ɓarawo ba ya kallonta. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga mai babbar waya ya ajiye ƙarama a ɗaya aljihun, kuma ita yake ba wa mutane lambarta.

Mafi girman yabon da ake yi wa waya a wannan yanki shi ne a ce tana riƙe caji. Aikatau ɗin riƙe ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne na riƙe amana da riƙe sirri da riƙe maraya. Kishiyarsa kuwa ci da sha ne: waya tana shan caji, manhaja tana cin data, kamfani ya cinye kati. Bahaushe ya daɗe da faɗaɗa ci zuwa cin amana da cin bashi da cin dukiyar wani, don haka idan aka ce manhaja tana cin data, an sa ta cikin sahun masu ci ba da izini ba. Ke nan ana auna na'ura da ma'aunin da ake auna halin mutum.

Akwai kuma ɗauke. Game da lantarki an fi cewa an ɗauke wuta, an kawo wuta, wato akwai wani mai yin aikin ko da ba a ambace shi ba, kuma akwai wanda za a zarga. Game da damina kuwa cewa ake yi ruwa ya ɗauke. Abin lura shi ne sabis ya fi bin tsarin ruwa: sabis ya ɗauke, sabis ya dawo. Ana ɗaukarsa tamkar yanayi, a hau tudu ko a fita bayan gari a neme shi. Sai a irin abin da ya faru a Zamfara a watan Satumbar 2021, lokacin da hukuma ta rufe layukan sadarwa saboda matsalar tsaro, maganar an ɗauke sabis ta zauna daidai, domin a nan an san mai ɗaukewar.

Da wannan ma'auni za a fahimci dalilin da ya sa Tecno da itel da Infinix suka mamaye yankin. Duka ukun na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen ta ƙasar Sin, wanda ya gina kasuwarsa a kan buƙatun Afirka: batir mai daɗewa, farashi mai sauƙi, da gurbin layi biyu. Layi biyu larura ne a inda kamfanin da yake da sabis a wannan ƙauye ba shi da shi a na gaba. Sai kuma batun gyara. Mai gyaran waya a Gaya yana iya samo gilashi ko batir ɗin waɗannan wayoyi daga kasuwar Farm Centre ta Kano ba tare da wahala ba. iPhone kuwa ana ganin kyanta, ana kuma kiran ta wayar 'yan gayu, kalmar da ta ƙunshi sha'awa da zolaya. A ganina kuskure ne a fassara wannan a matsayin talauci kawai. Lissafi ne na mutumin da yake biyan kuɗi kafin a yi masa caji, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya tsadar da tayar da janareta ya kuma tura masu caji da dama ga sola. Da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan farashin kira da data a Janairun 2025, sai lissafin ya ƙara tsauri.

Kuɗi a cikin waya

Kafin 2023 ba a ɗauki tura kuɗi ta waya da muhimmanci a kasuwannin ƙauye ba. Sauya fasalin naira da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a Oktoban 2022, da ƙarancin takardun kuɗin da ya biyo baya a farkon 2023, su suka tilasta wa mai hatsi da mai dabbobi karɓar taransifa. Daga nan kalmar alat ta zama ta kowa, tare da fargabar alat na bogi da ta kuɗin da aka cire bai shiga ba. Manhajoji irin su OPay da Moniepoint sun samu karɓuwa ne da shaida guda, wato kuɗi yana shiga nan take kafin mai kaya ya saki kayansa. Duk da haka mai POS bai rasa aiki ba, domin da yawa sun fi son mutumin da suka san gidansu ya tsaya tsakaninsu da na'ura.

Masu kallon da ba a ƙirga su

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya faro da Turmin Danya a 1990, ya bi ta kaset, ya koma faifai, yanzu kuma ya zama mai dogon zango a talabijin da YouTube. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka tabbatar da cewa kasuwa ta koma intanet. A wannan sabon tsari, mai shirya fim yana samun kuɗinsa ne daga tallace-tallace da yawan waɗanda suka kalla, kuma yana sanin ra'ayin masu kallo daga abin da suke rubutawa a ƙarƙashin kowane kashi.

Mutumin Ajingi ba ya cikin wannan lissafi, alhali yana kallo. Kashi ɗaya na fim yana iya cinye datar da za ta ishe shi kwanaki yana gaisawa da 'yan'uwa, don haka sai ya tafi wurin mai tura. Mai tura shi ne yake saukar da fim sau ɗaya a kwamfutarsa, ya raba wa duk wanda ya kawo memori ko waya a kan ɗan kuɗi kaɗan, daga nan kuma abokai su ba wa juna kyauta ta manhajar Xender wadda ba ta buƙatar data. Aikatau ɗin da ake amfani da shi a nan ma na kasuwar hatsi ne: zuba mini finafinai, cika mini memori. Sakamakon haka, kallon da unguwa guda ta yi wa fim yana bayyana a YouTube a matsayin kallo ɗaya tak.

Masu shirya finafinai suna kiran wannan satar fasaha, kuma suna da hujja, domin guminsu ne ake sayarwa ba tare da sisinsu ba. Amma akwai wata asarar da ba a cika ambata ba. Tunda mai kallon karkara ba ya cikin alƙaluma kuma ba ya rubuta sharhi, ra'ayinsa ba ya isa ga marubucin labari. Ana tsara labari ne don masu data na birni da na ƙasashen waje, shi ya sa gidajen alfarma da rikicin gadon attajirai suka yawaita, ƙauye kuma ya fi fitowa a matsayin wurin ban dariya. Ita ma hukuma ba ta kai ga wannan hanya sosai. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano an kafa ta a 2001 ne, a zamanin kaset da shagon da ake iya rufewa. Da ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22 a watan Mayun 2025, har da Labarina da Daɗin Kowa, umarnin ya shafi talabijin da intanet, amma abin da ya riga ya shiga memori yana nan yana yawo.

A rumfar mai tura ne kuma ake ganin ƙarfin Indiya-Hausa, wato finafinan Indiya da kamfanoni irin su Algaita suke ɗora wa muryar Hausa. Masoyansu sukan ce sun fi na gida faɗa da tsari, kuma masu fassarar suna cusa zaurance da barkwancin Kano a bakin jaruman. Wannan fassara, da ta fi kama da sake ƙirƙira, fage ne da ya dace masu nazarin harshe su shiga da gaske.

Murya da kunya

A WhatsApp saƙon murya ya fi rubutu tasiri a wannan yanki. Da yawa daga masu waya sun yi karatun allo kuma suna iya ajami, amma ba su saba da rubutun boko ba. Waɗanda suka saba ɗin ma allon rubutun waya ba ya sauƙaƙa musu haruffa masu lanƙwasa, har ƙafa da kafa su zama ɗaya. Murya ta kawar da wannan duka, ta kuma ba da damar a yi gaisuwa cikakkiya, a tambayi gida da gajiya da damina kafin a kai ga buƙata, abin da gajeren rubutu yake mayarwa rashin ladabi.

Inda ra'ayi ya fi zafi shi ne TikTok. A majalisa hukuncin kusan ɗaya ne, wato yana ɓata tarbiyya, kuma abin da ake ji daga birni yana ƙarfafa shi, kamar hukuncin bulala da wata kotun majistare ta Kano ta yanke wa wasu matasa biyu a Nuwambar 2022 saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin. Sai dai manazarci ya yi hattara da wannan amsa. Kunya tana tsara abin da ake faɗa a gaban manya da baƙo, kuma mai takardar tambayoyi baƙo ne. Memorin da ke ɗauke da tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam shi ne sau da yawa yake ɗauke da waƙoƙin fim da gutsattsarin barkwancin TikTok, kuma mai shi ba ya ganin saɓani a ciki, domin kowanne da lokacinsa da wanda ake kunna shi a gabansa.

Wannan ya fi tsanani a ɓangaren mata. Matar aure ba ta zama a rumfar caji ko gidan kallon ƙwallo, amma waya ta same ta har ɗaki, da saƙonnin murya na dangi da littattafan soyayya da ake karantawa a saurara. Idan tana son sabon fim, yaro take aika wa mai tura da memori da saƙon baka: a sa mata ci gaban wane, kada a sa mata irin na wancan makon, a ƙara waƙoƙin biki. Ta haka mai tura yake sanin abin da ake so da abin da aka gaji da shi a gidajen da bai taɓa shiga ba, har ya kan san wane jarumi ne tauraronsa ya fara dusashewa tun kafin labarin ya kai Kano.